Wa ya gyara, yaushe, kuma me ke wurin da farko?

Duk wanda ya taɓa tsayawa layin neman fasfo a Yamai, ko ya kai takardunsa ofishin jakadanci a Abijan ko Kwatano, ya san nauyin harafi guda. A takardar haihuwa an rubuta Mahamadou, a shaidar BEPC an rubuta Mamadou, a katin ɗan ƙasa kuma Mohamed, alhali mutum guda ne. Ga kuma ɗimbin jama'ar da aka liƙa musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa saboda iyayensu shekarar kawai suka iya kintata. A gida ana lallaɓawa da irin wannan, domin mai unguwa ya san ka, ma'aikacin ofishin magajin gari ya san mahaifinka. A ƙasar waje babu wanda ya san ka sai takarda, kuma takarda biyu in suka saɓa, kai ne maƙaryaci har sai ka kawo hujja.

Saboda haka idan aka ce za a zuba bayanan jama'a cikin kwamfuta, gyaran da ke cin wata uku ya koma na minti biyu, ba a rasa masu murna, musamman ƴan uwanmu da ke bida a Aljeriya, Libiya, Gana ko Faransa, waɗanda kowane gyara ke ci musu kuɗin mota ko roƙon wani ƙane ya yi ta zirga-zirga a madadinsu. Ni ma ina cikin masu murnar. Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne ita ƙofar da ake bi a yi gyaran, domin a wurare da yawa ba mutum ne ya zauna ya tsara ta ba, manhaja ce ta haife ta da kanta.

Ga yadda abin yake, ga wanda ba sana'arsa ba ce. Rumbun bayanai jadawali ne mai layi-layi: kowane layi mutum guda, kowane gurbi abu guda game da shi, suna, ranar haihuwa, lambar salula, makin jarrabawa, kuɗin da ya biya. A da, in ana son canza wani abu a ciki, sai an kira mai ilimin harshen SQL ya rubuta umarni. Daga baya aka ƙirƙiro kayan aikin da ke leƙa siffar jadawalin su zana shafin intanet da kansu: ga wurin bincike a sama, ga jerin sunaye, ga ɗan alƙalami a gefen kowane layi, ga kwandon shara kusa da shi. Ka rubuta suna, ya fito, ka danna, ka goge, ka rubuta sabo, ka ajiye. Shi ke nan.

Kayan nan ba baƙi ba ne ga matasanmu. Wanda ya yi karatun kwamfuta a Yamai, Maraɗi ko Damagaram, da wuya bai taɓa buɗe phpMyAdmin ba, wanda aka fara shi tun 1998, kuma yana zuwa a haɗe cikin XAMPP da WampServer da ɗalibai ke sawa a kwamfutocinsu. A cikinsa danna gurbi sau biyu ya isa ka canza abin da ke ciki. Akwai Django, wanda Adrian Holovaty da Simon Willison suka fara a ɗakin labaran wata jarida ta garin Lawrence a jihar Kansas ta Amurka, aka sake shi ga kowa a 2005. Shafin gudanarwarsa ya yi suna ne saboda layi biyu ko uku na rubutu sun isa su fito maka da cikakken ofishi a allo. Akwai WinDev na kamfanin PC SOFT da ke Faransa, wanda ya karɓu a ƙasashe masu amfani da Faransanci, shi ma yana zana tagogin shigarwa da gyara daga tsarin jadawali. Ƙungiyoyin agaji kuwa suna da KoboToolbox, inda amsoshin da aka tattaro a ƙauyuka ke fitowa a tebur guda, ana iya gyara su ɗaya-ɗaya ko a zaɓi da yawa a canza su gaba ɗaya. Yanzu ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun shigo, kana faɗa musu abin da kake so, su miƙo maka irin wannan shafi kafin shayi ya tafasa.

Babu laifi a ko ɗaya daga cikinsu. Sun rage wa ƙananan makarantu, asibitoci da kantuna wahala mai yawa. Matsalar ita ce manhajar ta san siffar bayani amma ba ta san darajarsa ba. A idonta, gurbin lambar salula da gurbin ranar haihuwa duk ƴan akwatuna ne masu faɗi ɗaya. Ba ta san cewa canza na farko lamari ne na yau da kullum, na biyu kuwa yana iya hana yaro zama jarrabawa, ya ƙara wa ma'aikaci shekara biyar kafin ritaya, ko ya sa a mayar da matafiyi daga filin jirgi. Ba ta san sunan mai fili a takardar mallaka ya fi sunan unguwa haɗari ba. Wannan sanin yana kan mutum, kuma idan mutumin bai zauna ya rubuta shi cikin tsarin ba, to babu shi.

Mu tuna da tsohon rajistan takarda da muke rainawa. A al'adar ofisoshin rajistar haihuwa da muka gada, ana ba shafuka lamba, hukuma ta sa musu hannu kafin a fara rubutu, don kada wani ya yage shafi ba a gane ba. In an yi kuskure ba a kankare shi, ana jan layi a kai yadda za a iya karanta tsohon, a rubuta sabon a gefe, a sa hannu. Gyara mai nauyi kuwa sai da hukuncin kotu, kuma a ambaci hukuncin a gefen shafin. Tabbas an yi ta maguɗi da takarda, babu mai musun wannan. Amma takarda tana da tabo. Mai bincike yana iya ganin tawada ta bambanta, rubutun hannu ya canza, an shafa farin ruwan goge rubutu. A rumbun bayanai, in ba a yi tanadi ba, sabon rubutu yana hawa kan tsoho ne ya haɗiye shi, allon ya fito tas kamar haka aka haife shi. Wanda ya ƙara wa ɗalibi maki daga 8 zuwa 12 da tsakar dare bai bar ko ɗigon tawada ba.

Wani zai ce ai Django yana da maɓallin tarihi. Gaskiya ne yana da shi, kuma ya fi babu. Sai dai yadda yake zuwa daga masana'anta, yana gaya maka wane ne ya taɓa layin, da ranar, da sunan gurbin da aka canza, amma ba ya ajiye abin da ke wurin kafin a canza. Ka ga “an canza ranar haihuwa”, ba ka san daga me zuwa me ba. Kuma abin da aka yi ta wannan shafin kaɗai yake gani. Wanda ya zagaya ta phpMyAdmin ya taɓa rumbun kai tsaye, tarihin bai san ya zo ba. Sannan ko da tarihin ya cika, me zai amfana idan ofis gaba ɗaya da suna guda ake shiga, kalmar sirrin kuma tana manne a ƴar takarda a jikin allo? Darakta, sakatariya, ɗan koyon aiki da yaron da ke zuwa gyaran na'urar buga takarda duk “admin” ne. Ran da abu ya ɓaci, kowa ya rantse, kuma kowa rantsuwarsa ta zauna.

Kada a ɗauka wannan ciwon ƙasashe matalauta ne. Babban misalinsa a Ingila ya faru. A 1999 hukumar gidan waya ta Birtaniya ta sa wa rassanta manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu. Ba a jima ba manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a rassa, hukumar kuma ta ce masu riƙe da rassan ne suka ci. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da sama da mutum 900, an ɗaure da yawa, har da mace mai juna biyu. Wasu sun sayar da gidajensu don cike giɓin da ba su san asalinsa ba, wasu sun kashe kansu. Ginshiƙin tuhumar shi ne cewa babu mai iya taɓa lissafin reshe sai mai reshen. Shekara da shekaru hukumar tana nanata haka, har ta musanta wa gidan talabijin na BBC a 2015 lokacin da wani tsohon ma'aikacin Fujitsu ya fito ya ce ba haka ba ne. Sai da mutum 555 ƙarƙashin jagorancin Alan Bates suka kai ƙara, a Disamba 2019 alƙali Peter Fraser ya tabbatar da cewa manhajar tana da kurakurai masu haifar da giɓi, kuma ma'aikatan Fujitsu suna iya shiga daga nesa su canza bayanan reshe ba da sanin mai shi ba. A Afrilu 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39 a rana guda, a 2024 kuma majalisa ta yi doka ta musamman ta soke hukuncin ɗaruruwa.

Horizon ba shafi ne da ya zana kansa ba, kuma mafi yawan giɓin daga kurakuran manhajar ya fito. Amma a lura da inda zaluncin ya samu gindin zama: akwai ƙofar gyara ta baya, waɗanda abin ya shafa ba su san da ita ba, kuma bayanan abin da aka yi ta cikinta ba su cika ba. Da kowane mai reshe yana iya ganin jerin duk hannun da ya taɓa lissafinsa, da shari'u da yawa ba su kai ko ƙofar kotu ba. Wannan a ƙasar da ke da lauyoyi, jaridu masu bincike da majalisa mai kiran manya ta titsiye su, amma ya ɗauki shekara 20. A ce akawun wata ƙungiyar manoma a Madarunfa ne kwamfuta ta nuna jikka ɗari biyar sun ɓace a hannunsa, wa zai saurare shi in ya ce ba shi ya rubuta ba?

Na biyun ya fi kusa da batunmu. Ranar 15 ga Yulin 2020, shafukan Twitter na Barack Obama, Joe Biden, Bill Gates da Elon Musk suka fara wallafa saƙon damfara, wai duk wanda ya aiko da kuɗin bitcoin za a ninka masa. Ba wata fasahar fasa ƙwauri aka yi ba. Samari ne, jagoransu ɗan shekara 17 a jihar Florida, suka riƙa buga wa ma'aikatan kamfanin waya suna cewa su abokan aiki ne daga sashen kwamfuta, har suka samu shiga shafin gudanarwa na cikin gida. A can ga wurin bincike, ga gurbin adireshin imel na kowane asusu. Suka goge na mai shi suka sa nasu, suka nemi sabuwar kalmar sirri, ta zo musu. Asusu 130 suka nufa, suka yi rubutu da 45, suka kwashi sama da dalar Amurka 100,000 cikin ƴan awoyi. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa mutum fiye da 1,000 ne ke da izinin shiga irin wannan shafi a lokacin. Gurbi guda, ba mai duba na biyu, kuma makullinsa a hannun jama'a guda.

Ba sai da ɓarawo ake ɓarna ba. Ma'aikata biyu su buɗe layin mutum guda lokaci ɗaya, wannan ya gyara suna ya ajiye, wancan ya gyara lambar salula ya ajiye bayansa: a shafuka da yawa na irin wannan, na biyun yana mayar da tsohon sunan ba tare da ya sani ba, domin duk abin da ke allonsa ake ajiyewa. Ko a zaɓi “duka” da nufin shafin da ake gani, ashe jadawalin gaba ɗaya aka zaɓa. Ko a share layin uba guda, manhajar ta bi ta share duk abin da ke rataye da shi. A irin wannan rana ake tuna kwafin ajiya, a kuma gano ba a taɓa gwada shi ba. Kamfanin GitLab, wanda sana'arsa ke nan, a ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyansa ya share rumbun da ba shi ya nufa ba, suka duba hanyoyin ajiyarsu guda biyar suka tarar ba su aiki yadda aka zata, bayanan awa shida suka tafi ba dawowa.

To, akwai magana mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a tsallake ta ba. Duk makullin da aka ƙara, wani ne zai riƙe shi, kuma mun san abin da makulli ke zama a hannun wasu. In aka ce gyaran harafi guda sai da sa hannun mutum uku, ɗaya yana taro a Yamai, ɗaya ya tafi ta'aziyya, to an buɗe kasuwa ne, kuma talaka da ɗan ci-rani su za su biya. Wanda ke Tamanrasat yana jiran takarda ba ya son jin wa'azin tsaro, so yake a gyara masa sunansa kafin wa'adin ya wuce. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Shi ya sa ban ce a tsaurara gyara ba, cewa na yi a ba shi tabo. Abubuwa biyu ne daban. Ajiye tsohon bayani, da sunan wanda ya canza, da lokaci, da dalili, ba ya ƙara wa mai jira ko daƙiƙa guda, na'ura ce ke yi a ɓoye. Hasali ma shi ne ke ba hukuma ƙarfin halin sassautawa: in kowane gyara ana iya ganinsa a kuma mayar da shi, babu dalilin hana ƙaramin ma'aikaci a Tasawa ko Birnin Ƙonni gyara harafi nan take. Sa hannu na biyu a bar shi ga ƴan guraben da ke canza rayuwa, ranar haihuwa, sunan iyaye, maki, mallakar fili, adadin kuɗi. Kuma mai bayanin a aika masa saƙo a salularsa cewa an taɓa layinsa. Kamfanonin aika kuɗi suna yin haka kan jikka biyu, ba a ce ya gagara kan ranar haihuwar mutum ba.

Ba kuma sai an je nesa neman abin koyi ba. Manhajar DHIS2 da jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagoranta, wadda ma'aikatar lafiya ta Nijar ke tattara alƙaluman cibiyoyin lafiya da ita, tana ajiye tarihin adadin da aka shigar: wa ya canza, yaushe, nawa ne a da. Tana kuma ba da damar kulle bayanan wani lokaci bayan an amince da su. Ma'aikatan lafiya a gundumominmu suna aiki da ita, ba ta hana su gyara kuskure ba. Idan adadin yaran da aka yi wa rigakafi ya cancanci wannan kulawa, sunan yaron da ranar haihuwarsa sun fi cancanta.

Doka ma tana nan. Tun 2017 Nijar ta yi dokar kare bayanan mutum, wadda ta kafa hukumar HAPDP, ta kuma ba ɗan ƙasa haƙƙin ganin abin da aka rubuta game da shi da neman a gyara in kuskure ne. Dokar 2019 kan laifukan intanet ta tanadi hukunci ga mai canza bayanai da ha'inci. Amma alƙali da hujja yake aiki. Idan rumbun bai ajiye sawu ba, dokar tana hukunta laifin da babu mai iya nuna an yi shi, haƙƙin neman gyara kuma ya zama maganarka da maganar allo.

Ga matasanmu masu rubuta manhaja, na san halin da ake ciki. Mai makaranta ko mai asibiti ya kira ka, kuɗin da ya ware bai kai na babur ba, yana son abu kafin a koma hutu. Ka zana jadawali, ka kunna shafin da ke zana kansa, ka sa tambarinsa a sama, ya gani ya ji daɗi, ka miƙa masa kalmar sirri guda ka wuce. Su kansu masu Django sun faɗa a littafin jagorarsu cewa shafin nan kayan aikin cikin gida ne na amintattun ma'aikata, ba a yi shi don ya zama manhajar gaba ɗaya ba. Abin da ya rage maka ba shi da yawa: asusu daban ga kowane ma'aikaci, izinin kallo kawai ga wanda ba aikinsa ba ne gyara, jadawali guda da ke karɓar tsohon bayani duk lokacin da aka canza wani abu, wanda ko kai ba ka iya gogewa cikin sauƙi, sai kuma rufe phpMyAdmin daga intanet. Aikin kwana biyu ne ko uku. Ka sa shi cikin farashi, ka kuma bayyana wa mai aikin cewa kariyarsa ce. Kariyarka ce kai ma, domin ran da makin ɗan wani babba ya canza ba a san wanda ya yi ba, mutum na farko da za a nuna da yatsa shi ne wanda ya haɗa na'urar, ko da ya shekara bai taka wurin ba.

Masu sayen kuwa, daraktocin makarantu, magadan gari, shugabannin ƙungiyoyi, har da ƴan uwanmu na waje da ke haɗa kuɗi su saya wa asibitin garinsu kwamfuta da manhaja, ba sai kun iya SQL ba. Ranar da mai manhaja ya zo nuna muku aikinsa, kada ku tsaya kallon launi da tambari. Ku ce ya buɗe layin mutum guda ya canza ranar haihuwarsa a gabanku. In ya ajiye, ku ce ya nuna muku tsohuwar ranar, da sunan wanda ya canza ta, da ƙarfe nawa. In ya fara kame-kame, ku riƙe ragowar kuɗinsa har sai ya dawo da amsa.